Gizon da Aka Ɗaure a Ƙarfen Gado

Har yau ban manta da ranar da wata tsohuwa ta damƙe min hannu a ɗakin yara ta sa ni rufe littafi ba. Na daɗe ina aikin gashin ƙashi a Fatakwal. An zage ni, an sa min albarka, wani yaro ma ya taɓa gantsara min cizo a kafaɗa har da shaida. Amma tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, wannan zan ba ku, musamman ku da kuka shigo kwanan nan kuna ganin komai yana cikin ma'auni da fayil.

Waɗanda suka san ni sun san a Inugu aka haife ni, a unguwar Hausawa, babana mahauci ne. Da Hausa da Ibo da Burokin, wato Turancin kasuwa, na tashi. A lokacin ni kaɗai ce Bahaushiya a sashenmu, saboda haka duk majinyacin da ya shigo da hula ko mayafi, ba a ko tambaya, ni ake nema. Na gaji da bayanin cewa ni ba nas ba ce, na haƙura, kowa ya ci gaba da kirana Sista Hansatu.

Da damina ne, a shekarar da aka ƙara min girma zuwa babbar jami'a aka ba ni kula da ɗakin yara. A gadon da ke jikin taga aka kwantar da wata yarinya mai suna Habiba, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Ubanta, Malam Sale, dillalin shanu ne a kara, suna zaune a unguwar Mile 3. Risho ne ya yi bindiga da uwarta tana girki, ita kuma tana zaune a gefenta. Wutar ta kama yarinyar daga bayan gwiwar dama zuwa ƙwauri. Uwar ba ta tashi ba, ta cika a ɗakin mata tun yarinyar ba ta gama sanin inda take ba. Dangi suka yanke shawara kada a gaya mata sai ta warke, kamar yadda mutanenmu suka saba yi wa marar lafiya. Aka ce mata an kai Mama Arewa neman magani. Mu ma aka roƙe mu kada mu yi suɓutar baki, muka amsa.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, bari in yi ɗan bayani. Idan ƙuna ta kama bayan gwiwa, likitocin tiyata sukan yanko fata daga cinya su dasa a wurin. Dashen ya kama, ciwo ya rufe, daga nan namu aikin yake farawa. Tabon ƙuna janyewa yake yi kamar fatar da aka shanya a rana, yaro kuma ya fi samun sauƙi in ya naɗe ƙafar. In aka ƙyale shi, tabon ya yi tauri a haka, ƙafar ta ƙage a lanƙwashe, ba za ta ƙara taka ƙasa daidai ba sai an sake yanka. Namu shi ne kullum mu shafa mai mu murza tabon, mu miƙe ƙafar kaɗan-kaɗan, mu ɗaure ta a wani tallafi na roba don kada ta koma. Muna da ma'auni, rula biyu ce da aka haɗa da ƙusa, da ita muke ganin ko an ci gaba. Akwai zafi, ban taɓa yi wa yaro ƙarya a kan wannan ba.

Habiba ta ƙi ni tun ranar farko. Da ta hango farar rigata sai ta dunƙule, ta rungume gwiwar da hannu biyu, ta fara ihu da Burokin, don nan aka haife ta, harshen faɗanta ke nan. "Leave my leg! I no want!" In na yi mata Hausa ta juya fuska bango. Na yi lallashi, na kawo alewa, na ɗaure fuska, duk a banza. Ni kuwa mace ce mai alfahari da hannuna, ban saba yaro ya gagare ni ba, abin ya tsaya min a rai.

A zagayen likitoci babban likitan tiyata ya duba ƙafar ya girgiza kai. Ya ce in har ya dawo duba ta a ƙarshen wata ba ta miƙe ba, sai an koma da ita tiyata. Shugabar sashenmu, Madam Ngozi, ta ja ni gefe ta ce, "Hansatu, mutanenki ne. San yadda za ki yi." Da na fassara wa Malam Sale maganar likita, ya daɗe yana kallon ƙasa. Mutum ne da yake yini cikin wuƙaƙe da jini a kwatar da ke jikin kara, amma ranar maganar tiyata ta razana shi.

Ya ce, "Sista, wuƙa ɗaya ta isa. Ba zan ƙara sa hannu a yanka yarinyar nan ba. In ƙafar ta ƙi, zan sa ta a mota ita da kakarta su tafi gida Arewa, yadda Allah ya so haka za ta zauna."

Na san ba barazana yake yi ba. Ke nan ko dai in miƙe ƙafar nan kafin ƙarshen wata, ko yarinyar ta girma tana jan ta.

Mai jinyar Habiba kakarta ce ta wajen uwa, Iya Tabawa. Daga wani ƙauye kusa da Maigatari aka ɗauko ta, zuwanta kudu na farko ke nan. 'Yar siririyar tsohuwa ce, ga tabarmarta a gindin gado, ga butarta, ga carbi. Ruwan saman Fatakwal da ba ya ɗaukewa ya ishe ta, abincin ma ba ta yarda da shi ba, kullum sai an kawo mata fura daga Mile 3. Wadda ta rasu 'yar farinta ce, don haka ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya, sai dai ta ce "uwar wannan". Ban taɓa ganin ta yi hawaye ba. A raina har na ce tsohuwar nan akwai taurin zuciya.

A cikin durowata akwai wani ɗan littafin yara da ya daɗe yana kwance. Wata baturiya 'yar ƙasar Suwidin ce ta bar min shi, lokacin da ta zo ba mu horo a kan kula da yaran da suka ƙone. Ta ce labarin wata yarinya ce marar lafiya da take tafiye-tafiye a zuciyarta alhali tana kwance. Iyakar abin da na sani ke nan, domin da yarensu aka rubuta shi, wasu haruffan ma da ɗige-ɗige a kansu, ba mai iya karantawa a duk asibitin. Hotunan dai suna da kyau. Wata safiya da dabara ta ƙare min, na ɗauko shi na zauna a bakin gadon Habiba ina buɗawa, na yi kamar ban san tana wurin ba.

Ba a jima ba na ji numfashi a kafaɗata.

"Wetin be dat?" Sai kuma ta gyara, "Mene ne wannan farin?"

Hoton yarinya ce a gado kusa da taga, waje duk ya yi fari fat, har kan rufi da bishiyoyi. Na ce ƙanƙara ce take sauka daga sama a garinsu. Ta ce a'a. Kun san baƙin hayaƙin nan da yake sauka mana a Fatakwal, ka share taga da safe kafin azahar ta sake yin baƙi. Habiba ta ce shi ne, amma su a garinsu fari ne, shi ya sa uwayensu ba sa wahalar wanki. Na ce na yarda, ita ta fi ni sani.

A shafi na gaba wata ƙatuwar dabba ce ta zuro kai ta tagar, mai dogayen ƙafafu da ƙahoni masu faɗi. 'Yar dillali ta ƙura mata ido ta fara sana'ar ubanta. Ta ce sa ne, amma ba shi da tozo, kuma ramamme ne, Baba ko kallonsa ba zai yi ba a kara. Ƙahonin ta ce kamar faifai biyu, nan take ta raɗa masa suna Mai-faifai. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba tun da aka kawo ta. Daɗi ya kama ni, na gyara zama na ce, "To bari mu ji labarinsu. Ga ta nan, ga ta nanku."

Ban rufe baki ba na ji an damƙe min wuyan hannu. Iya Tabawa ce, ban ma ga tashinta daga tabarma ba.

"Ke 'yar nan, tatsuniya da rana tsaka? Ba a gaya miki ba a gidanku?"

Na ce, "Me ya faru, Iya?"

"Duk yaron da aka yi wa tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Rufe abin nan."

Na taɓa jin wannan magana sama-sama a bakin tsofaffin unguwarmu, amma mu 'yan Inugu ba mu ɗauke ta da nauyi ba. Kun san bakina, na ce, "Haba Iya, yarinyar da ko banɗaki sai an ɗauke ta, ina za ta je ta ɓace?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ja ni har bakin ƙofa, ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, "Wadda ta ɓace min ma a ɗakinta take zaune."

Jikina ya yi sanyi. Na koma na rufe littafin.

Washegari ina shiga Habiba ta tare ni da tambayar ina Mai-faifai. Ta kafa sharaɗi, in babu littafi ba mai taɓa mata ƙafa. Na durƙusa a gaban tabarmar Iya na gaishe ta sosai, sannan na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce aikina na rana ne, da la'asar nake tashi, kuma wata yana tafiya. Na ce ban raina maganarta ba, amma ban ga wata ƙofa ba sai wannan. Ta ja carbi ta ja, har na fid da rai. Can ta ce, "A garinmu in ya zama dole, ɗaure Gizo ake yi."

Ta miƙa hannu kan tirena ta yagi bandeji, ta ƙulla shi a ƙarfen gado wajen kan yarinyar, ƙulli biyu masu ƙarfi. Ta ce, "Na ɗaure ka. Ka zauna nan, ba ka zuwa ko'ina da jikata." Ta juyo ta ce min kada wanda ya kwance sai ranar da labari ya ƙare. Masu shara sun so cire shi, na hana. Madam Ngozi ta tambaye ni wannan tsumman fa, na ce kayan aiki ne. Ta kalle ni ta saman tabarau ta wuce.

Daga ranar aiki ya kankama. Gaskiya ba ni nake ba da labarin ba, Habiba ce. Ni nawa buɗe shafi da tambaya. Yarinyar littafin ta hau bayan Mai-faifai sun shiga daji, sun haɗu da tsuntsaye, sun kwana a gindin bishiya. Da muka zo hoton wani tafki da ya daskare, dabara ta faɗo min. Na aika aka sayo min ledar ruwa mai ƙanƙara, na ajiye a ƙarshen gado. Na ce Mai-faifai yana tsoro, ba zai taka ba sai yarinyar ta zuro ƙafa ta taɓa ta ji ko ƙanƙarar za ta ɗauke su. Habiba ta cije leɓe, ta fara miƙo ƙafar da kanta, ina tallafe da gwiwar, gumi yana keto mata, har babban yatsanta ya taɓa ledar. Ta yi ƙara, rabi zafi rabi dariya, ta ce, "E cold! Za ta ɗauke mu!"

Kullum sai in ɗan ja ledar baya. Ta gane sarai, ta ce ina mata wayo, amma ba ta fasa miƙowa ba. Tafkin nan mun daɗe muna ƙetare shi, don na ƙi barin shafin. Iya Tabawa tana tabarma ta juya mana baya wai ba ruwanta, amma in Habiba ta ce Mai-faifai ya ci tuwo sai ka ji ta ce, "Sa ba ya cin tuwo, dusa dai." Ma'auni ya fara nuna abin da nake so. Har na fara taƙama a ofis.

Sai komai ya tsaya cak.

Saura shafi biyu littafin ya ƙare. A na kusa da ƙarshe, sun fito daga daji, ga wani ɗan jan gida can nesa da fitila a taga. A na ƙarshe, wanda ni na riga na leƙa, yarinyar ce tsaye da ƙafafunta a bakin ƙofar gidan, ƙofar a buɗe, ba a nuna wanda ke ciki ba. Mu kuma a aikinmu mun zo matakin tsayuwa. Ƙafar ta miƙe iya yadda hannu zai iya miƙe ta a kwance, sauran sai yaro ya ɗora nauyinsa ya taka, jiki ya ƙarasa da kansa. Na kai ta wurin ƙarafa biyun nan da ake riƙewa a koyi tafiya, ta ƙi sauke ƙafa. Na kawo littafi, ta dafe shafin da tafin hannu ta hana in juya. Yau ta ce Mai-faifai ya yi targaɗe, gobe ta ce sun yi mantuwa a daji sai sun koma. Da na matsa, ta koma dunƙulewarta ta farko. Nas ɗin ɗakin ta gaya min tana kwance tallafin robar in ba kowa. Ma'auni ya fara komawa baya, ga ƙarshen wata ya matso.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka shagwaɓa ce. Wata rana da hantsi, Iya ta fita alwala, na zauna na ce, "Habiba, gaya min gaskiya. Me Mai-faifai yake tsoro a gidan nan? Ga fitila, ga ɗumi, sun sha sanyi."

Ta daɗe tana wasa da bakin bandejin da ke ƙarfen gado. Sannan ta ce, "Ba mamanta ce ta kunna fitilar ba."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Maimakon ta amsa sai ta ce, "Sista, in na yi tafiya za a sallame ni ko?"

Na ce eh.

"A kai ni gida?"

Na ce eh, ai abin da muke nema ke nan.

Ta ce, "In mutanen Mile 3 sun zo, a nan ciki suna ce wa Kaka ya mai jiki. In ta raka su bakin ƙofa sai su ce mata ya haƙuri. Ina ji. Haka aka riƙa ce wa Baba da Kakan Kano ya mutu." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Kada ki gaya wa Kaka na sani. Za ta yi kuka."

Na yi aiki da manya da suka rasa ƙafa, na ga abubuwa, amma ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina ranar ba. Ashe duk tsawon lokacin nan manya suna ɓoye wa yarinya, yarinya tana ɓoye wa manya. Muddin tana kan gadon nan, Mama tana Arewa. Ranar da ta taka, ƙafar nan da nake ta fama in miƙe, ita za ta kai ta ɗakin da babu kowa.

A ƙa'idar aiki ba hurumina ba ne in sanar da majinyaci rasuwa, kuma dangi sun riga sun ba da umarni. Na je na sami Madam Ngozi na kwashe komai na gaya mata. Ta cire tabarau ta goge ido, ta ce in tara dangin in yi musu magana, in sun ƙi kada in tsallake su. Na ce wa Habiba ba zan iya riƙe mata wannan sirrin ba, don ya fi ƙarfinta, ya fi nawa. 

Da Malam Sale ya zo da azahar, na fita da su baranda shi da Iya. Ya tsaya nesa kaɗan da surukarsa, kansa a sunkuye. Na maimaita musu maganar yarinyar kalma da kalma. Ya ce, "Sista, ba a gaya wa marar lafiya mutuwa. Ciwon zai koma ciki."

Na ce, "Malam, ya riga ya koma. Ita kaɗai take ɗauke da shi, kuma ku take tausayi."

Ya juya ya kama ƙarfen baranda, kafaɗunsa suna girgiza. Ya ce shi ba zai iya ba, wallahi ba zai iya kallon idonta ba.  Iya Tabawa ta gyara ɗaurin zaninta ta koma ciki, muka bi ta.

Ba ta zauna a tabarma ba, ta hau bakin gadon, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce, "Ba ni littafin." Na miƙa mata. Ta riƙe shi a juye, Habiba ta gyara mata. Sai ta kai hannu ƙarfen gado ta fara kwance ƙullin nan da farcenta. Habiba ta zabura ta ce, "Kaka, labarin bai ƙare ba!"

Ta ce, "Na sani. Wanda ya rage ba na Gizo ba ne, bari ya tafi abinsa."

Ta juya shafin ƙarshe da kanta. Ta ɗora yatsa a kan ƙofar nan da ke buɗe ta ce, "Kin ga yarinyar nan? Ta iso. Ta yi sallama, aka amsa. Wata tsohuwa ce a ciki, mummuna, ba haƙora, ita ta kunna fitilar. Tun da rana take zaune tana jira."

Habiba ta ce a hankali, "Mamanta fa?"

"Mamanta Allah ya karɓi abinsa. An yi mata wanka, an yi mata salla, mutane da yawa sun raka ta. Ba ta ƙara jin zafi." Ta ci gaba, "Tsohuwar nan ita ta haifi maman. Ita ma tana ta neman wanda za su yi kuka tare, ba ta samu ba." Sannan ta ce, "Hadiza. Hadizata ta tafi, Habiba."

Malam Sale ya gaya min daga baya, tun da ya auri matar bai taɓa jin sunan a bakin uwarta ba sai ranar.

Yarinyar ta faɗa jikinta. Kukan da suka yi ba irin na zafin gashin ƙafa ba ne, wannan daga can ciki yake fitowa. Uban ya durƙusa a gefen gadon ya kifa kai a katifa. Na ja labule na kewaye su, na tsaya a waje ina korar masu leƙe, ni ma ina share hawayena da bakin mayafi. Ranar ban taɓa ƙafar ba, ban ma ɗauko ma'auni ba. A fayil na rubuta cewa majinyaciya ta huta.

Kada ku ɗauka washegari ta tashi da gudu. Ta yi kwanaki ba ta son magana, abinci ma sai da lallashi. Amma ta daina kwance tallafin. Wata safiya ina shafa mata mai ta ce, "In mun je gida, Kaka za ta zauna ko za ta koma?" Iya ta amsa daga tabarma cewa ina za ta je, ai ta riga ta saba da ruwan garin nan marar mutunci. Habiba ta ce to a kai ta wurin ƙarafan.

Na tsaya a bayanta na riƙe ƙugunta, Iya ta tsaya a ɗaya ƙarshen. Ta sauke ƙafar dama, yatsu suka taɓa siminti, sannan a hankali diddige ya sauka. Ta yi tsaki don zafi, ta ce simintin ya fi ƙanƙarar Mai-faifai sanyi. Ta ɗaga ta hagu. Haka ta ja jiki har ta kai ga zanin kakarta ta cafke.

Da babban likita ya dawo, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe, ya sa ta taka a gabansa. Ba ta miƙe sarai ba, akwai ɗan saura, kuma ya ce za ta riƙa ɗan ɗingishi in ta gaji. Amma ya ce ba sai an sake yanka ba, a ci gaba da gashi daga gida. Washegari sai ga Malam Sale da ƙullin kilishi wai na sashe ne gaba ɗaya, har Madam Ngozi ta samu rabonta.

Ranar sallama na miƙa wa Habiba littafin na ce nata ne. Ta ƙi karɓa, ta ce ta riga ta san ƙarshensa, in bar wa wanda za a kwantar a gadon. Iya Tabawa ta zaro guntun bandejin nan daga bakin zaninta, ashe ta adana shi, ta sa min a tsakiyar littafin. Ta ce, "Ke da ba kya jin magana, na san za ki sake. To ki riƙa ɗaurewa tukuna."

Ina ɗaurewa har yau. Waɗanda suka yi aiki da ni sun sha ganin tsumma a ƙarfen gado suna dariya, yanzu kun ji asalinsa. Ban zo in ce muku yaro yana ɓacewa don an yi masa tatsuniya ba. Abin da na koya shi ne, a makaranta an nuna mana yadda ake miƙe ƙafa, ba a ce mu tambayi inda za ta kai mai ita ba. In yaro ya ƙi ku, kafin ku ce taurin kai ne, ku zauna ku ji me ke jiransa a gida. Kuma kada ku yi saurin yanke wa mai jinya hukunci don ba ku ga hawayenta ba.

Na raka su har bakin get. Ana yayyafi, uban ya tafi tsayar da keke. Iya ta sunkuya za ta goya ta kamar yadda ta saba, Habiba ta ce a'a. Ta kama hannun tsohuwar ta ce, "Kaka, taka a hankali, akwai santsi." Suka tafi a haka, ɗaya tana ɗingishi, ɗaya tana jan ƙafar tsufa, ban iya gane wadda take riƙe da wata ba.